Siri Lanka cikin ayari da ɗan jagora: wanda ya taɓa zuwa ya ba mu shawara

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya taɓa zuwa Siri Lanka cikin ayari, irin wanda kamfani ke haɗa mutane ya ba su bas ɗaya da ɗan jagora a yi ta zagawa da su. Maigidana ne ya samo wani tsari na kwana 10 a watan Fabrairu, mu biyu da Hajiyarsa da yaranmu biyu, babbar shekararta 11 ƙaramin 6. Sun ce ayarin mutum 24 ne. Ga yadda suka tsara: a sauka a kwana Negombo, sai Sigiriya da Dambulla kwana biyu, sai Kandi, sai Nuwara Eliya, daga nan jirgin ƙasa zuwa Ella, sai dajin Yala, sai Galle, a ƙare a Kolombo. A takarda abin gwanin sha'awa wlh amma Hajiya na fama da gwiwa kuma ni ban taɓa zama mota ɗaya da baƙin mutane har kwana goma ba. Shi so yake a biya kafin ƙarshen satin nan. Mu shiga ko mu nemi wata hanya?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam. Maman Iman kafin ki biya ko sisi ɗauki biro ki ƙirga otal nawa ne a wannan jadawalin. Ni na ƙirga miki, otal 8 a dare 9. Kenan kusan kullum da safe kina haɗa akwati, naki da na yara da na Hajiya, a fito da shi bakin ƙofa kafin karin kumallo. Irin wannan tsarin sak muka yi ni da iyalina kuma abin da babu wanda ya faɗa mana shine hanya. Ƙasar a taswira ƙarama ce, tsawonta bai wuce kilomita 430 da 'yan kai ba, sai ka ɗauka ko'ina kusa ne, amma da zarar an shiga yankin duwatsu mota ba ta gudu, kwana kan kwana ga manyan bas ɗinsu na haya ga tuk-tuk wato keken nan mai ƙafa uku ga motocin ɗaukar ganyen shayi. Kandi zuwa Nuwara Eliya bai kai kilomita 80 ba amma sai da muka ci wajen awa uku. Ranar da muka taso daga bakin teku zuwa Sigiriya kuwa rabin yinin a kujera ya ƙare.

Ba wai ƙasar ce ba kyau, ƙasar kam Allah Ya yi mata baiwa. Lokacinka ne ba naka ba.

Anti Ladi:
Ni kuma gsky ayarin nan shi ya yi min rana. Ni kaɗai na tafi ba miji ba ɗa, da ba don ayari ba ko filin jirgi ba zan fita ba. Tun daga sauka akwai mai riƙe da takarda da sunana, ban taɓa cinikin mota ba ban taɓa neman otal da dare ba, ranar da cikina ya ɓaci a Kandi jagoran ne da kansa ya raka ni kemis ya yi min tafinta. Rubutunsu na Sinhala da Tamil ko harafi ɗaya ba za ki gane ba duk da dai allunan hanya da yawa akwai Turanci a ƙasa. Mu 12 ne kacal a ƙaramar bas shi yasa nake ganin abin ya zo da sauƙi. 24 kam da yawa ƙanwata.

Abu Safwan:
To Anti ai kin faɗi maganar, ku 12. Mu 26 ne. Duk inda aka tsaya fitsari sai an yi rabin awa, kullum akwai mutum ɗaya da ake jira, kuma ba laifinsa bane wani lokacin, layin banɗaki ne kawai. Sannan babbar bas ba ko'ina take shiga ba sai ta ajiye ku nesa ku taka.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shagunan ne. A hanyar Dambulla zuwa Kandi wajen Matale aka tsaya da mu wani lambun kayan ƙamshi, aka nuna mana bishiyar kirfa da masoro da kanumfari, wannan ɓangaren na ji daɗinsa don ban taɓa sanin ɓawon itace ake ferewa a naɗe ya zama kirfa ba, amma minti 15 aka yi ana nuni sai aka zaunar da mu a benci aka fara tallan man shafawa da maganin gargajiya fiye da awa ɗaya. Washegari shagon duwatsu masu daraja, jibi shagon sassaƙa, gata shagon yadi. Duk kamasho ne, in kun saya jagora da direba suna da kasonsu. Ranar shagon duwatsun nan muka isa lambun tsirrai na Peradeniya da ke kusa da Kandi a makare muka yi minti 40 aka ce a fito, wurin da ya kamata mutum ya yini a ciki.

Sadik M:
Yaya Abu wlh ka tuna min abin da yasa ni ban shiga ayari ba. Ni da abokina muka je da jaka a baya, sati biyu, jirgin ƙasa da bas ɗin haya da tuk-tuk kawai muka yi ta hawa. A filin jirgi muka sayi layin waya muka sa data, akwai manhajar PickMe da ake kiran tuk-tuk da ita a Kolombo da Kandi ba sai ka yi ciniki ba. Inda ya yi mana daɗi mu ƙara kwana inda bai yi ba mu ƙara gaba. Anti Maman Iman ku ma za ku iya ai ba wuya.

Alhaji Tanko:
Sadik ɗana, kai saurayi ne da jaka a baya. Baiwar Allahn nan da tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta tafi da yaro ɗan shekara 6. Ka taɓa ganin yadda bas ɗin hayarsu ke gudu a kwana kuwa, mutane a tsaye har bakin ƙofa? Ba na tsohuwa bane.

Maman Iman akwai hanya ta uku kuma ita ce ta fi yawa a can, a ɗauki mota da direba naku na kanku tun daga filin jirgi har ranar komawa. Ku biyar ne, ƙaramar bas ɗaya ta ishe ku har da kaya. Direbobin da yawa suna da lasisin jagora daga hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar, shi ne direba shi ne madugu. Otal da yawa a can suna da ɗakin kwanan direbobi, amma ki tambaya tun farko wa ke biyan kwanansa da abincinsa da mai da kuɗin babbar hanya don kar a zo ana ja-in-ja a tsakiyar tafiya. Mu haka muka yi da iyali. Ranar da uwargida ta gaji sai muka ce yau ba inda za mu, muka zauna a otal muna kallon gonar shayi, ba wanda ya buga mana ƙofa. In kuka raba kuɗin motar gida biyar ki gwada da kuɗin ayari na mutum biyar, ki gani da idonki.

Sai dai shi ma direban naku zai so ya kai ku shago. Bambancin shine kina iya cewa a'a ya wuce.

Maman Iman:
Alhaji na gode sosai Allah Ya ƙara girma. Wannan ta ukun ban ma san da ita ba. To maganar gwiwar Hajiya fa, Sigiriyan nan da ake ta nunawa a hoto hawa ne sosai?

Anti Ladi:
Hawa ne ƙanwata ba na wasa ba. Dutse ne guda ya miƙe sama kusan mita 200 a tsakiyar daji, matakala wajen 1,200, na farkon na dutse ne na ƙarshen kuma na ƙarfe da aka manna a jikin dutsen kina hawa kina ganin ƙasa ta ƙarƙashin ƙafarki ga iska. Hajiya kar ta gwada. Amma ba sai ta zauna a mota ba, ƙasan dutsen akwai lambuna da tafkunan ruwa da aka gina tun zamanin sarkin da ya yi fada a kan dutsen, shimfiɗaɗɗen wuri ne ga inuwa, akwai gidan tarihi ma kusa da ƙofa. Sai dai tikitin baƙi da tsada, dala 30 zuwa sama, kuma ko ba za ta hau ba in za ta shiga lambun sai an biya, to ku yanke shawara tun a otal.

Ke da yara ku hau da sassafe da an buɗe. Mu jagoranmu ƙarfe 6 ya tashe mu muna ta ƙorafi, da muna saukowa muka ga layin masu hawa a cikin rana tsaye cak a kan matakala sai muka yi ta sa masa albarka. Kuma akwai rina a jikin dutsen manya-manyan sheƙa, an sa alluna a yi shiru a wajen, ki ja wa ƙaramin kunne.

Malam Habu:
Tunda an zo kan Sigiriya bari in sa baki, don a nan ne nake ganin amfanin jagora na ƙwarai. Wanda ya hau shi kaɗai tubali zai gani da tsohon tafki a sama ya ɗau hoto ya sauko. Mu namu a gindin dutsen ya tsayar da mu ya ba mu labarin sarki Kashyapa da ya yi mulki daga 477 zuwa 495, wanda ya kashe mahaifinsa ya ƙwace sarautar da ta kamata ta zama ta ɗan'uwansa Moggallana, tsoron ramuwa ya sa ya bar babban birnin Anuradhapura ya zo ya gina fada a kan dutse. Ƙarshe ɗan'uwan ya dawo daga Indiya da runduna kuma a ƙasa aka yi yaƙin, dutsen bai tsare shi da komai ba. To da wannan labarin a kunnenka in ka iso wajen manyan daginan zakin nan biyu da aka sassaƙa, waɗanda matakala ta bi ta tsakaninsu, kallon da za ka yi musu daban ne. Akwai wani bango ma da aka goge shi yana sheƙi, maziyarta na ɗaruruwan shekaru da suka wuce sun yi rubuce-rubucen waƙoƙi a jiki, in ba a nuna maka ba wucewa za ka yi.

Shi yasa ban yarda a ce jagora ɗan kamasho ne kawai ba. Akwai mai ilimi akwai ɗan talla, kamar kowace sana'a.

Abu Safwan:
Malam ban musa ba, namu ma ya san tarihi. Amma mutum 26 a kan siririyar matakala, na gaba su biyar ne ke jin abin da yake faɗa, mu na baya sai dai mu ga bakinsa na motsi.

Ummi Z:
Ni tambayata abinci da sallah. Anti Ladi ya kuka yi? Naji ance yawancinsu 'yan addinin Buda ne.

Anti Ladi:
Haka ne sune mafi yawa amma akwai Musulmi kusan kashi 10 cikin 100 kuma sun bazu, kusan duk babban gari za ki ga masallaci da gidan abincin Musulmi. A Kolombo unguwar Pettah akwai Jan Masallaci mai zanen ja da fari, tun 1909 aka gama shi, yana tsakiyar kasuwa. A cikin ganuwar Galle ma akwai wani farin masallaci dab da hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Matsalar ayari ita ce abincin rana inda bas ta tsaya nan za ki ci, yawanci irin na ɗebi da kanka ne a wuraren da aka saba kai baƙi. Ni kifi da kayan lambu na riƙe, shinkafa da miyar wake irin tasu da kwakwa da aka kankare aka haɗa da barkono, yaji kam akwai shi ki gaya musu saboda yara. Da dare in mun sauka da wuri sai in ce wa jagora ya nuna min na Musulmi in je in ci kottu, gurasa ce ake daddatsawa a kan faranti mai zafi da ƙwai da nama, tun daga nesa za ki ji ƙarar ƙarafunan. Ruwan kwakwar nan mai ruwan lemo da ake sarewa a bakin hanya kuwa kullum sai na sha.

Sallah kuma tun ranar farko na gaya masa. Ina haɗa azahar da la'asar a inda aka tsaya cin abinci tunda matafiya ne, da 'yar dardumata a jaka. Bai taɓa nuna damuwa ba.

Alhaji Tanko:
Ƙari a kan na Hajiya Ladi, duk ranar da wata ya cika 14 hutu ne a ƙasar, Poya suke ce mata, kowane wata. Bankuna a rufe, mahauta ba sa sayar da nama, wuraren bautarsu kuma cike maƙil da mutane cikin fararen kaya. Ki duba ko ta faɗo cikin kwanakinku musamman ranar Kandi. 4 ga Fabrairu kuma ranar 'yancin kansu ce, 1948 suka samu daga Ingila, ana rufe wasu hanyoyi a Kolombo. Ki kuma duba kalanda kar tafiyar ta shiga azumi.

Ummi Z:
To wuraren bautar nasu dole ne a shiga in ana cikin ayari? Ni gsky raina ba zai so ba.

Malam Habu:
Ba dole 'yata. A ayarinmu akwai waɗanda suka shiga don ganin gini da zane akwai waɗanda suka tsaya a waje, ba wanda ya ce wa wani komai. A Kandi wurin da suke ajiye abin da suka yi imani haƙorin Buda ne yana bakin tafki, wanda bai shiga ba sai ya zaga tafkin ya jira. Wanda zai shiga kuma ya kiyaye dokarsu, a cire takalmi da hula, a rufe kafaɗa da gwiwa, kuma ba a juya wa mutum-mutumin Buda baya a ɗau hoto, wannan suna ɗaukarsa da zafi ƙwarai har hukuma kan shiga. A Dambulla kogo biyar ne a saman tudu, hawan ma akwai ɗan wuya ga mai gwiwa, kuma da rana dutsen na ƙona tafin ƙafa don haka a tafi da safa. Birai kuma suna fizge leda a hannun yaro.

Ni abin da ya kai ni ƙasar ma daban ne. Larabawan da suna kiranta Sarandib, kuma akwai dutsen da ake ce wa Dutsen Adamu, tsayinsa mita 2,243, a ƙolinsa akwai wani gurbi mai kama da sawun ƙafa. 'Yan Buda sun ce na Buda ne, 'yan Hindu sun ce na Shiba ne, Musulmi da Kiristocin da suka zo wurin tun da can suka ce nan Annabi Adamu ya fara taka ƙasa. Ni ban je da niyyar ibada ba, na je ne don Ibn Battuta ya hau shi a 1344 ya kuma ambaci sarƙoƙin ƙarfe da masu hawa ke kamawa, ina so in ga abin da ya gani. Ƙarfe 2 na dare muka fara, matakala fiye da 5,000, fitilu a jere har sama, tsofaffi mata ba takalmi suna wuce ni. Muka isa dab da fitowar rana, inuwar dutsen ta faɗa kan hazo mai kusurwa uku kamar an zana da rula. Lokacin hawan daga Disamba ne zuwa Mayu. Ba ya cikin jadawalin ayarinmu, sai da na bar su kwana ɗaya na ɗauki mota da kuɗina na same su a gaba, kuma kwana uku ina jin cinyoyina.

Sadik M:
Malam ka ga kenan kai ma sai da ka gudu daga ayarin ka ga abin da ya kai ka.

Malam Habu:
Haka ne Sadik, ban ɓoye ba. Amma sauran kwana taran da ba su ba da ban iya ba, shekaruna sun wuce na neman bas a tasha da harshen da ban sani ba. Kuma jagoran ne ya samo min direban ya tsara inda za mu haɗu.

Maman Iman:
Allah Ya saka Malam, wannan kam sai dai mu ji a bakinku. Jirgin ƙasan fa? Yarana tunda suka ga hoton shuɗin jirgin nan a kan gada ba su da zance sai shi.

Sadik M:
Anti shi kam kar ki bari a cire shi. Ni tun daga Kandi na hau har Ella wajen awa 7, amma ku tunda Nuwara Eliya za ku kwana a tashar Nanu Oya za ku hau, awa uku ko ƙasa da haka, kuma nan ne ma ya fi kyau, gonakin shayi hawa hawa da ramukan dutse da hazo na shigowa ta taga. Ki tambaye su da kyau kujera ce mai lamba suka kama muku ko kuwa tikitin shiga kawai, don masu lamba kwana 30 kafin tafiya ake fara sayarwa kuma nan da nan suke ƙarewa, in babu to tsayuwa ce cikin cunkoso. Taragon da ke da na'urar sanyi tagoginsa ba sa buɗuwa, ni na fi son mai buɗaɗɗiyar taga. Sannan ki sa su tabbatar miki layin na aiki a lokacin don ruwan sama da zaftarewar ƙasa kan lalata shi a dakatar da jirgi. Gadar mai baka tara kuma tana gaba da tashar Ella ne, in a Ella kuka sauka ba za ku bi ta kanta ba, daga Ella ake zuwa a tsaya a gefe a jira jirgi ya wuce.

Dan Allah ki riƙe yara kar su je bakin ƙofa. Ƙofofin a buɗe suke mutane na leƙawa suna ɗaukar hoto, an sha samun waɗanda suka faɗo ko kansu ya bugi bangon rami.

Abu Safwan:
Namu kamfanin a nan ya ƙarasa ɓata min rai. An rubuta jirgin ƙasa a jadawali, sai da muka isa tasha aka ce kujeru 10 aka samu mu 26. Tsofaffi da masu goyo suka zauna mu muka tsaya, wasu suka yi fushi suka koma bas. Da na yi magana aka nuna min wani ɗan ƙaramin rubutu a ƙasan takarda wai in an samu wuri. Maman Iman ki karanta ƙananan rubutun nan kaf.

Anti Ladi:
Ki tafi da rigunan sanyi fa. Kowa na jin tsibiri sai ya ɗauka zafi ne ko'ina, Nuwara Eliya tana sama da mita 1,800, da dare sai da na nemi ƙarin bargo. Hajiya da gwiwa sanyin zai taɓa ta. Da maganin amai na mota saboda kwane-kwanen hanyar, yara biyu a ayarinmu sun sha wuya.

A can ne za a kai ku masana'antar shayi, wannan tsayawar kam ta cancanta duk da su ma akwai shago a ƙarshe. Da kofi ake nomawa a tsaunukan, wata cuta da ta ɓullo a 1869 ta cinye shi shine aka koma shayi, Turawan Ingila suka kwaso ma'aikata Tamil daga kudancin Indiya kuma har yau jikokinsu ne ke tsinkar ganyen, yawanci mata, da buhu rataye a ka. Abin da ya tsaya min a rai shine yadda bas ke tsayawa mutane su fito su yi ta ɗaukarsu hoto ko sallama babu. Na ga gidajen da suke kwana a ƙasan gonar, dogayen ɗakuna a jere rufin kwano. In za ki ɗauki mace hoto tana aikinta ki tambaye ta tukun kuma ki ba ta wani abu.

Alhaji Tanko:
Watan da kuka zaɓa ya yi daidai da wannan hanyar. Damina biyu gare su, ɗaya na dukan kudu da yamma daga Mayu zuwa Satumba, ɗayar na dukan arewa da gabas a ƙarshen shekara, to Fabrairu kudu da tsaunuka a bushe suke galibi. Sai dai kowa ma lokacin yake zuwa, otal na tsada wurare na cika.

Yala kuma zan faɗi gaskiya, an fi zuwa don damisa kuma ba kowa ke ganinta ba. Tun kafin asuba ake tashi a hau buɗaɗɗiyar mota a yi layi a ƙofa, da direba ɗaya ya hango damisa sai ya buga wa sauran waya motoci su yi dafifi wuri guda, ga ƙura ga girgiza, bayan Hajiya zai gaya mata. Mun ga ɗawisu da kada da ɓauna da giwa biyu. In don yara ne ni dajin Udawalawe zan ce, giwaye ne garke garke a fili kuma yana kan hanyarku daga Ella zuwa bakin teku.

Ummi Z:
Anti Ladi tukuicin jagora fa, yana cikin kuɗin ko daban?

Anti Ladi:
Daban ne, ranar ƙarshe ake haɗawa a ambulan a ba jagora nasa direba nasa yaron mota nasa. Ki riƙe ƙananan rufi, wato kuɗin ƙasar, a jaka kullum, mai ajiye takalmi da mai banɗaki da mai ɗaukar akwati duk sai kin miƙa. Masuntan nan da ke zama kan sanda a cikin ruwa a hanyar Galle ma yawancinsu yanzu don hoto suke zama, kina ɗaga waya za a zo karɓar kuɗi.

Abu Safwan:
Galle ɗin nan ita ce na fi jin takaicin rashin lokaci. Ganuwa ce a bakin teku, Turawan Fotugal suka fara ta 'yan Holan suka ƙwace a 1640 suka gina wadda ake gani yanzu, a cikinta mutane ke zaune har yau da makarantu da masallaci. Lokacin igiyar tsunami ta 2004 da ta kashe mutum sama da 30,000 a ƙasar, garin da ke waje ya sha ɓarna sosai amma ganuwar ta tare wa na ciki da yawa. Da yamma iyalai ke fitowa kan bangon yara na wasan kurket ana jiran faɗuwar rana. Mu ƙarfe 12 na rana aka sauke mu aka ce awa ɗaya. Ki nemi kwana biyu a nan Hajiya ta huta, ba hawa ba gangara. In yara za su shiga teku a kula da jar tuta, ruwan kudu na da ja ta ƙasa.

Maman Iman:
Jama'a na gode wlh, na karanta wa maigida duka daren jiya. Ya yarda ba za mu biya satin nan ba. Na tura wa kamfanin tambayoyi: awa nawa za a yi a mota kowace rana, shago nawa ne a hanya kuma za a iya ƙin shiga, kujerun jirgin masu lamba ne, tikitin Sigiriya da motar daji suna ciki ko a'a, sannan ko suna da ƙaramin ayari da bai wuce mutum 12 ba. Na kuma ce su ba mu farashin mota da direba mu kaɗai, a cire Negombo da Yala a sa Udawalawe a ƙara kwana a Galle. Hajiya da na gaya mata labarin lambun ƙasan dutsen cewa ta yi ita dama ba hawa ya kai ta ba.

Alhaji Tanko:
Madalla. Ki sa su rubuto amsar a rubuce ba a waya ba. Maganar biza kuma ku bincika da fasfo ɗinku tun yanzu don sharaɗin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wanda ya fito daga inda ake da cutar shawara ana neman katin rigakafinta a filin jirgi, har na yaran.

Sadik M:
Anti in sun turo farashin motar ki sanar da mu nan, yayata ma na son kai mamanmu. Kuma in kujerun jirgin sun samu daga Nanu Oya ki ce a ba ku ɓangaren hagu in da hali, ta nan kwarin ya fi buɗewa bayan an wuce Haputale.